Murfin Gwangwani

"Matsa, Tomie-san. Matsa da iya ƙarfinki."

Mahaifiyata Tomie ta damƙe na'urar gwada ƙarfin hannu har jijiyoyin wuyanta suka miƙe, amma allurar da ƙyar ta motsa. Kusakabe, ma'aikaciyar jinyar da hukumar garinmu ta turo, ta yi rubutu a takardarta, sannan ta dube ni.

"Naman jikinta ya zube sosai. In dusar ƙanƙara ta sauka tana nan ba ta iya tashi daga tabarma sai da dafa bango, ba za mu bar ta ita kaɗai ba. Sai gidan tsofaffi."

Mama ta sunkuyar da kai. Shekara hamsin da shida tana cikin gidan nan, kuma ta sha faɗa mana gawarta ce kawai za ta bar shi.

Ni kuwa sai na gyara zama, irin na ɗan da ya san ya yi abin kirki. Wata goma sha ɗaya rabona da ƙauyen, alhali daga birnin Sendai, inda nake aiki, tafiyar awa uku ce a jirgin ƙasa, amma ina da abin kare kaina.

"Ai duk wata ina aiko mata garin amino asid, mai gina tsokar tsofaffi. Mai kyan ma. Ko ba haka ba, Mama?"

"Haka ne, Shigeki. Yaron kirki ne, ba ya fashi."

"Madalla," in ji Kusakabe. "Ɗauko in ga wane iri ne."

Mama ta ce a bari sai an sha shayi. Ban saurare ta ba, na miƙe.

* * *

A kabad ɗin da ke ƙarƙashin hoton marigayi Baba na same su. Gwangwani goma sha ɗaya a jere, an goge musu ƙura tsaf, ko ɗaya ba a taɓa buɗewa ba.

"Mama! Kullum a waya cewa kike kina sha!"

"Murfin ne," ta ce a hankali. "Na murɗa da tsumma, na sa shi a ruwan zafi, har tsakanin gwiwoyina na matse shi. Ya ƙi."

"To, ga matar Onodera nan maƙwabciyarki, taku goma!"

"In ɗora wa mutane wahala a kan murfi? Kuma ka san bakin matar nan. Cewa za ta yi, 'Oho, ɗan naki na birni gwangwani yake aikowa, hannun buɗewa fa?' Ni ba za a ci naman ɗana a gabana ba."

Kusakabe ta duƙufa kan jakarta kamar mai neman allura. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Kunya ta rufe ni. Kusan shekara guda tsohuwa tana kokawa da murfi, tana ƙarya don ta rufa mini asiri, ni ina can ina yi wa abokan aiki burga da irin kulawar da nake yi wa uwata.

* * *

Da baƙuwar ta tafi na ɗauki gwangwani ɗaya. Murɗa ɗaya na yi ya buɗe, ko nishi ban yi ba. Na dama mata a ruwan ɗumi. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗan rusuna mini yadda ake yi wa baƙo.

"Ka yi haƙuri, na raba ka da aikinka."

"Zan riƙa zuwa duk Asabar, Mama."

"To," ta ce. Ta kurɓa, ta yatsina fuska. "Jirgin ƙarfe nawa za ka bi?"

"Na biyar."

"Kafin ka tafi, sassauta mini murfin sauran goman."

"Ai in aka buɗe su duka danshi zai lalata garin. Wannan ɗayan ma zai kai ki wata guda."

"Na sani," ta ce, ba ta dube ni ba. "Sassauta dai."

Na durƙusa gaban kabad ɗin, na jawo na farko.