Latas a Bakin Kwata

Hudu bai tsaya jiran motar trotro ba. Da gudu ya ratsa lungunan Nima ya nufi asibiti a Maamobi, lakar lambu ba ta ko bushe a ƙafarsa ba. Abin da aka gaya masa kawai shi ne maƙwabcinsa Baba Zuberu na ta amai da gudawa tun asuba.

Jiya Juma'a, ranar da gidaje bakwai da suka kafa masa lambun suke karɓar kasonsu. Shekara shida ana haka: wannan ya kawo iri, wancan kashin kaji, mata su ɗebo ruwa daga famfon masallaci. Alayyafo ne da ayoyo, fangali biyar kacal. Bana kuwa Hudu ya ajiye aikin gadi, ya share fili har bakin babbar kwata, ya shuka latas, don wani otal ya ce zai riƙa saye. Fangali arba'in! Wane famfo zai shayar da wannan? Sai gogan naka ya koma ɗibar ruwan kwata, baƙi ƙirin, yana lallashin kansa wai ai ƙasa tana tacewa. Bai faɗa wa kowa ba.

Shi kansa bai taɓa sa latas a baki ba. Sai makon jiya kukun otal ya ce masa ɗanye ake ci, ba ya ganin wuta. Ya ji, bai fasa ɗibar ruwan kwata ba. Jiya kuma, don alfahari, ya zuba wa kowane gida a cikin kasonsa. Gida bakwai, da yara da tsofaffi. Tsoro ya kama shi.

Ya tarar da matar tsohon, Mma Zuera, zaune a benci.

"Mma, yaya jikin Baba?"

"Sun sa masa ruwa. Da sauƙi, alhamdulillahi."

"Mma... ganyen jiya. Ya ci?"

"Wannan ganyen Turawan? Kai, Hudu, ganye ne ko ruwa? Na zuba a miya ya narke, ko yauƙi babu. Duk matan unguwa dafawa suka yi, kowa na mita. Tsohon nan ma bai taɓa ba. Kifi ya ci a bakin titi a unguwar Madina, ba ya jin magana."

Hudu ya zauna daɓas a ƙasa. Wallahi kaɗan ya rage ya yi kuka don murna.

Da la'asar ya koma lambu, ya iske motar otal tana jira, ɗaukar farko ke nan. Direban ya riga ya sauke kwanduna.

"Maigida, ka shanya mu a rana. Manaja ya ce kwando goma yau, goma ran Talata." Ya dubi fangulan, kore shar. "Kai, masha Allah! Baƙinmu za su ji daɗi."

Ya sunkuya ya tsinki ganye ɗaya, ya kaɗe ƙasar, ya nufi baki da shi.

Sai Hudu ya ga hannunsa ya damƙe na direban.

"Kada ka ci."

"Lafiya?"

Hudu ya dubi fangulan. Aikin gadin da ya bari tuni an ba wani, kuma babu mai saye sai otal ɗin nan.

"Mayar da kwandunanka mota," in ji shi. "Zo in nuna maka inda nake ɗibar ruwa."