Ƙofar da Aka Fitar da Toivo

A wani gari na bakin tafki a arewacin Minnesota akwai gidan jinyar waɗanda likita ya riga ya fid da tsammanin warkewarsu. Da gudummawar jama'a yake tafiya. Al'adarsa ɗaya ce, ba a kuma rubuta ta ba: wanda ya shigo ta ƙofar gaba, ta nan zai fita. In mutum ya cika, sai a lulluɓe shi da bargon faci-faci da matan coci suka ɗinka, ma'aikata su jeru, har mai girki ta ajiye ludayi. Marasa lafiya masu sauran ƙarfi a kawo su bakin ɗakunansu, a turo mamacin a hankali har mota.

Darlene Kowalczyk, mataimakiyar shugaba, a wannan layi ta yi furfura. Shugabar ta yi ritaya, kuma ranar nan kwamitin amintattu zai zaɓa tsakanin Darlene da wani mai kwat daga birni. Ta san in kujerar ta wuce ta, a shekarunta ba za ta sake zagayowa ba.

Da hantsi Toivo Lahti, tsohon mai haƙar tama, ya cika. Ba shi da kowa a kusa. Motar masu jana'iza na tsayawa, shugaban kwamiti Wendell Haugen, dillalin motoci, ya fito daga falon gaba da kek a hannu, ya ja Darlene gefe.

"Wa muka rasa, mutuniyar?"

"Toivo. Ba za mu daɗe ba."

"Allah ya ji ƙansa. Ni na sayar masa da akwalar nan tasa, sai yau zai daina zagina." Ya nuna falo da haɓa, inda wata dattijuwa ke kurɓar kofi. "Kin ga Misis Ostrander? Ita za ta gina mana sabon sashe. Kwanan nan ta binne mijinta. Gawa ta gifta ta gabanta, ita da mu sai a lahira. Ba ku da ƙofar baya ne?"

"Ta nan ake fitar da shara, Wendell."

"Toivo ba zai kai ƙara ba." Ya kakkaɓe burbushin kek daga rigarsa. "Ni fa ban ce ki yi komai ba. Gida a hannunki yake. Mu yau kallo muka zo."

Darlene ta tsaya tana duban bayansa har ya shige. Ta lissafa gadajen da sabon sashe zai ƙara, da mutanen da take mayarwa gida don babu wuri. Hujjar ta zauna daidai, har ta ji tsoron yadda ta zauna.

Renata, babbar nas, tana riƙe da gado mai taya da aka ɗora Toivo a kai. "In kira mutane su jeru?"

"A'a. Ta baya za mu bi."

Renata ta dube ta. "Da bargon, ko shi ma zai ɓata wa baƙi rai?"

"Da bargon."

"To, ranki ya daɗe."

Ba ta taɓa kiranta haka ba. Su biyu suka tura shi ta ɗakin wanki, suka raɓa ta gefen durom ɗin shara. Ƙafar gadon ta maƙale a dokin ƙofa, sai da direban motar jana'izar ya ɗaga.

Bayan abincin rana kwamiti ya kira Darlene, aka ba ta kujerar, aka yi tafi. Wendell ya ce abin da suke nema ke nan, mai sanin ya kamata.

Ta fito ta nufi ofishinta. Gidan ya yi tsit, ko rediyon kicin ba a kunna ba. Duk wanda ta haɗu da shi sai ya sami abin dubawa a ƙasa. A bakin ɗakin da ke kusa da na Toivo, Misis Bergquist na zaune a keken guragu, an taje mata kai, ta shafa jan-baki, robar iska a hancinta.

"'Yata, yaushe za a wuce da tsohon mafaɗacin nan? Tun safe nake jira, bayana ya ƙage."

"An riga an tafi da shi."

"Ban motsa daga nan ba."

Tsohuwar ta bi dogon lungun da ido har ƙofar gaba, sannan ta juya a hankali wajen ɗakin wanki.

"Renata," tsohuwar ta ce wa nas ɗin da ta zo wucewa, ba ta ɗaga murya ba. "Kira mini ɗana. Ki ce ya zo da mota yau, tun ina iya zama a ciki."