Motar Sulken Auta

Wata bakwai ke nan ba a ji ɗuriyar Auta ba sa'ad da Yaya ta zo mini da hotonsa.

Ranar Asabar ce da hantsi. Ina ɗakin baya, wanda matata ke kira garejin tururuwa, ina goge tayar wata 'yar mota. Aikina na gaskiya haɗa haƙoran roba ne a wani asibitin haƙori, shekara ashirin da shida ina yi. Amma in na tashi aiki, abin da ke ɗebe mini kewa shi ne haɗa ƙananan motocin soja na roba, irin waɗanda ke zuwa gunduwa-gunduwa a kwali. In haɗa su da gam, in yi musu fenti, sannan in tsofar da su da tsatsa da taɓo da baƙin hayaƙi a bakin salansa, har in ka ga hotonsu ka rantse daga fagen fama suka dawo. Kowace da 'yan sojojinta, ba wanda ya kai tsawon ɗan yatsana.

Yaya ita ce babbarmu, ita ta goye ni. Auta kuwa shi ne na ƙarshe a 'ya'yanta biyar, direban motar sulke ne a soja. An tura su wani wuri mai nisa, waya ta daina shiga, sai ga takarda wai ba a san inda yake ba. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Tun daga nan kowace Litinin Yaya tana kan bencin ofishin da ke kula da iyalan sojoji.

Ba ta taɓa shiga ɗakin nan ba sai ranar. Ta tsaya tana bin kantocin da kallo, tankoki da manyan motoci jere kamar a tasha. A nan Auta ya fara sanin sunayensu tun yana ƙarami, kuma duk mun san haka. Ba ta taɓa faɗa mini cewa ni na sa masa son soja ba, ni ma ban taɓa tayar da maganar ba.

Ta ajiye hoton a kan teburina. Shi ne na ƙarshe da ya turo mata, ta sa aka wanke shi babba. Motar sulke ce mai taya shida, sojoji huɗu a jikinta, Auta ya leƙo daga ƙofar direba yana dariya.

"Likita," ta ce, don haka take kirana ko da yake ni ba likita ba ne, "wannan za ka yi mini."

"Motar, Yaya?"

"Motar da shi a ciki."

Na ce mata kan irin waɗannan sojojin bai wuce ƙwayar wake ba, kama ba ta fitowa sosai. Ta ce wanda ke sa wa tsofaffi haƙori su koma samari ba zai kasa wannan ba. Ta yi ɗan murmushi, na farko da na gani a fuskarta cikin watanni. Da wane baki zan ce a'a?

Sai da na yi mako uku kafin in samo kwalin irin motar. Haɗawa ba ta ba ni wahala ba. Na yanko gutsattsarin, na goge bakinsu, na bi su da gam ɗaya bayan ɗaya, har madubin gefe da bai kai farce ba. Na fesa mata launin ƙasa-ƙasa kamar na hoton. Sannan na shiga abin da na fi iyawa. Na niƙa alli mai launi na shafa ƙura a ƙasanta, na kwaɓa ƙasa tatacciya da gam na watsa taɓo a bayan tayoyi da tsohon buroshin haƙori, na bi gefen ƙofa da bakin fensir inda hannu da takalmi ke cinye fenti. Duk abin da na gani a hoton na sa, har jarkar ruwa da aka ɗaure da igiya a baya.

Cikin wannan dube-duben da gilashin ƙara girma na lura da lambar da ke jikin motar. Ƙafar wani soja ta rufe farkonta, amma huɗu na ƙarshe sun fito. Na ce wa matata wataƙila ba wanda ya taɓa kai lambar nan ofishin da Yaya ke zuwa, mutum na iya ɓacewa a takarda amma mota mai nauyin haka dole a san inda take.

"Ka fara gaya wa Yaya," in ji ta.

"Bari in ji abin da za su ce tukuna. Kada in ɗaga mata rai a banza."

Na nemi izini a wurin aiki ranar Laraba na tafi ofishin. Na zauna tun safe har rana ta take kafin layi ya zo kaina. Wanda ke bayan tagar wani kofur ne mai furfura. Ya karɓi takardar da na rubuta sunan Auta da lambar motar, ya buɗe wani babban littafi, ya bi layi da yatsa, sai ya tsaya. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai wane ne nasa?"

"Kawunsa ne."

Sai ya rufe tagar ya zagayo. Ya ce in biyo shi, kuma kada in ɗauki hoto. Muka bi bayan ginin har wani fili da aka kewaye da waya, inda ake zube motocin da suka tashi daga aiki. Ya nuna mini da haɓa, ya ce minti biyar.

Tana can a ƙarshen layi, zaune a kan ƙarfen tayoyinta, robar duk ta cinye. Launin ƙasa-ƙasan nan babu shi sai a baya, wajen lambar. Sauran jikin ya koma ja da fari, irin launin da ƙarfe ke yi in wuta ta daɗe a kansa. A gefen direba akwai huda, ba ta fi faɗin tafin hannuna ba, bakinta ya lanƙwashe ciki.

Shekara nawa ina gasa ƙusa a wuta ina huda roba don in yi irin wannan, ina zama da hotuna ina koyon yadda hayaƙi ke bin ƙarfe sama. Saboda haka ba sai wani ya fassara mini ba. Na ga ta inda abin ya shiga, na ga inda wutar ta fara. Na leƙa ciki. Kujerar direba saura wayoyinta. Ƙofar sama a buɗe take, amma ban san ko daga ciki aka buɗe ta ba ko masu janyo motar ne.

"An sami wani a ciki?" na tambayi kofur.

"Mu mota aka kawo mana, malam. Ita ce a littafina."

"To wa zan tambaya?"

"Da na sani da na gaya maka. Wallahi da na gaya maka."

Na dawo gida ban iya cin komai ba. Matata ta saurare ni har ƙarshe, ta share ido da gefen zaninta, ta ce yanzu yaya ke nan. Na ce ban sani ba. In na gaya wa Yaya, me na gaya mata? Ban ga gawa ba. In na yi shiru kuma, ga ta can tana lissafin ranar dawowarsa.

Sai na koma kan fuskar, don ita kaɗai ta rage da hannuna zai iya taɓawa. Na kafa ɗan kan a bakin tsinke, na sa gilashi a ido, na ɗauki buroshi mai gashi uku. Na san fuskar nan. Ni na sa masa haƙorin gaba lokacin da ya faɗi daga babur, na san yadda leɓensa na sama ke ɗagawa gefe ɗaya in zai yi dariya. Amma duk sa'ad da na ɗiga farin ido sai wani baƙo ya dube ni. Na wanke na sake, na wanke na sake. A karo na shida hancin ya fara shafewa, dole na ɗauko wani kan.

Asabar ta gaba Yaya ta zo. Na ɗora motar a kan ɗan katako na tura gabanta. Ta jawo kujera ta zauna, ta daɗe tana kallo. Ta kai yatsa ta taɓa jarkar ruwan.

"Ka yi ƙoƙari," ta ce. "Amma wannan dattin fa?"

"Haka take a hoton, Yaya."

"Cire shi. Yaron da ko takalminsa ba ya bari da ƙura? Ka mayar da ita sabuwa."

"Ya riga ya kama jikin fentin. In na kankare sai..."

"To ka sake fentin."

Na ce to. Ta sunkuya daidai ƙofar direba, ta runtse ido ɗaya, ta ɗago.

"Wannan ba shi ba ne."

"Na sani."

"Ya yi kama da mai sayar da katin waya na bakin layinmu."

Dariya ta kusa kuɓuce mini. Na cire gilashin na ajiye. Na ce, "Yaya, na je ofishin nan ranar Laraba. Na kai musu lambar motar."

Ba ta dube ni ba. Ta ci gaba da kallon ɗan sojan.

"Mai furfurar nan ne ya kai ka baya?"

Na ɗago na dube ta.

"Ni ma ya kai ni. Wata uku ke nan." Ta gyara mayafinta. "Ban gaya wa kowa ba, ko yayyensa. In na rufe ido ita nake gani, ja, babu taya. Shi ya sa na ce ka yi mini wata, in riƙa ganin ta da lafiyarta."

"Yaya, da kin gaya mini."

"Da ka yi me, Likita?"

A tsakar gida matata na shanya, ana jin ƙarar bokiti.

Can Yaya ta ce, "Ƙofar saman a buɗe take. Ka lura?"

"Na lura."

"Kai da ka san abubuwan nan, in wuta ta kama, mutum yana iya fita ta nan?"

Ta juyo ta zuba mini ido. Na so in ce mata e da ƙarfi. Na so in ce mata ta daina zuwa bencin nan. Abin da na sani kaɗai na faɗa, cewa ana iya fita, wasu sun fita, amma ni ban san ko shi ya fita ba. Ta gyaɗa kai kamar dama abin da ta zata ke nan.

Kwana huɗu na yi ina kankare aikin da na fi alfahari da shi. Na sake fesa mata fenti, ta fito fes kamar yau ta baro masana'anta. Fuskar kuwa na gwada kai uku, ba wanda ya zama Auta. A ƙarshe Yaya ta ce in juya shi ya dubi gaba, in sauko masa da hular kwano, ta baya ai duk direba ɗaya ne. Haka na yi. Ta naɗe motar a cikin tawul ta sa a jaka, ta hana ni raka ta bakin titi.

Litinin da ta biyo na sake neman izini a wurin aiki, na same ta a kan bencin. Ta matsa ta ba ni wuri. Wajen ƙarfe biyu aka kira ta, na bi ta har tagar. Kofur mai furfura ba ya nan, wani sabo aka kawo. Ya tambayi sunan sojan da lambarsa, ya rubuta a takarda, ya ce mu dawo bayan mako biyu.