Tagar Goshin Barira

Jiya da dare na yi wani mafarki. Kafin in faɗe shi, ya kamata a san ni malamin aji huɗu ne, shekara ashirin da bakwai ke nan ina riƙe da alli. Yarana sittin da uku ne. Ba mu da benci, littafi ma ɗaya ne, yana hannuna, amma muna da tsari. In na gama bayani sai in ce, "Kun gane?" Su amsa da murya ɗaya, "Mun gane, Malam!" Sai in goge allo. Ban taɓa dukan ɗan kowa ba, duk garin sun shaide ni da haka.

A cikinsu akwai Barira, 'yar mai gyaran keke, wadda take zama a bakin ƙofa. Ranar Talata ta ɗaga hannu ta ce ba ta gane yadda ɗaya bisa uku zai gaza ɗaya bisa biyu ba, alhali uku ta fi biyu. Na maimaita mata har sau uku, a hankali, da kalmomin da na faɗa tun farko. A na ukun na duba agogo. Na ce, "Yanzu dai kin gane ko?" Ta dube ni, ta ce ta gane. Tun ranar ba ta sake ɗaga hannu ba.

To, a mafarkin sai ga ni a wani gari da rana tsaka, ana ruwa. Ruwan daga ƙasa yake tsirowa yana hawa sama, mata sun rataye bokitai a kife a rassan dalbejiya suna tara. Ina ɗauke da wani ƙaton buhu a ka, amma ba shi da nauyi. Kowane yaro da na wuce yana da 'yar taga a goshi, a buɗe, iska tana shiga. Manya kuwa duk an yaɓe tasu da siminti, suna tafe suna gyaɗa kai ba wanda yake musu magana.

Sai ga ni a Ofishin Awon Ganewa. Wata jar akuya ce a bakin ƙofa, tana karɓar takardun masu shiga tana cinyewa. Ta cinye tawa, ta ce in wuce, takarduna sun cika.

A ciki wani tsohon bunsuru ne a kan kujera, da tabarau, gabansa sikeli irin na masu sayar da hatsi.

"Sannu da aiki, ranka ya daɗe," in ji ni.

"Me ka kawo, Malam Isiyaku?"

"Aikina ne na shekara ashirin da bakwai."

Ya ce in juye. Na kwance bakin buhun, sai muryoyin yara suka zubo a kan sikelin: "Mun gane, Malam! Mun gane, Malam!" Suka cika farantin, suka malale ƙasa har suka kai mini gwiwa. Allurar sikelin ba ta motsa ba.

"Ko sikelin ya lalace?" na tambaya.

Ya ɗora tabaransa a kan sikelin, allurar ta yi tsalle. Ya mayar da shi idonsa.

"Wa ya koya musu wannan amsar?"

"Haka muka taso muka samu ana yi."

"Kai ka yi tambaya, kai ka ba da amsa, kai ka goge allo. Yaran kuma ina suke lokacin?"

Ya kishingiɗa, bakinsa yana motsi.

"Ka ga abin da nake yi? Tuƙa nake. Ciyawar tun safe na haɗiye ta, sai yanzu da na samu inuwa ta dawo ina taunawa. Wata ma sai ta dawo sau uku kafin ta zama tawa. Kai kana zuba wa yaro abu, bai gama wucewa maƙogwaronsa ba, ka tsaya a kansa kana tambaya ko ya ƙoshi."

"Ranka ya daɗe, minti talatin da biyar ake ba ni."

"Mu ma haka ake ba mu," in ji shi, ya ci gaba da tuƙarsa. Can ya ce, "Akwai wata Barira a ajinka. Ta ce ta gane, saboda haka yau za a rufe tagarta. Dokar garin ke nan, wanda ya gane ba ya bukatar iska. In ta janye maganarta kafin simintin ya bushe, shi ke nan. In ba ta janye ba, ita ma shi ke nan."

Na fita da gudu. A garin in ka yi gudu baya kake komawa, sai da na tsaya cak sannan titin ya kawo ni filin makaranta.

Yara ne a layi, kowa riƙe da guntun allinsa. A gaban layin wani magini ne mai gemu, da kwanon siminti da cokalin gini. Na gane shi, Ɗanlami ne, wanda na koyar shekara ashirin da suka wuce. Ya ajiye cokalin ya durƙusa har ƙasa.

"Malam! Ina wuni? Wallahi kullum ina ba 'ya'yana labarinka. Ba ka taɓa dukana ba."

"Ɗanlami, wa ya rufe maka taka tagar?"

"Ai kai ne, Malam. Hannunka da sanyi, ko zafi ban ji ba."

Barira ce a gabansa. Ya riga ya yaɓe rabin tagarta. Na roƙe shi ya dakata, ya ce simintin ba ya jiran kowa, amma don ni zai sassauta hannu.

Na laluba aljihu na sami gurasa biyu. Na tsuguna a gabanta, abin da ban taɓa yi a aji ba. Na raba ɗaya gida biyu, na raba ɗayar gida uku, na jera su a kan cinyata. Ruwan da ke tasowa daga ƙasa yana ta jiƙa su.

"'Yata, duba nan. Kada ki yi sauri. In mutum biyu suka raba, da in mutum uku suka raba, wa zai fi samu?"

Ba ta kalli gurasar ba. Fuskata take kallo.

"Na gane, Malam."

"Ba ki ma duba ba. Ki ce ba ki gane ba, ba zan yi fushi ba."

"Ai ba ka fushi, Malam. Agogo kake dubawa."

Na cire agogon na jefar, ya faɗa sama tare da ruwan. Sai na ga wani agogon ya tsiro a wuyan hannuna.

"To me kika gane, Barira? Faɗa mini da bakinki."

"Na gane ka gaji," in ji ta. "Shi ya sa na bar ka ka huta."

Yaran da ke layi suka amsa tare, "Mun gane, Malam!"

Ɗanlami ya ce in yi haƙuri, ya ɗebi siminti na ƙarshe ya shafe. Ya yi aiki mai kyau, ko alamar taga ba a gani. Sannan ya shiga kankare kwanonsa da cokalin, yana kankarewa, yana kankarewa, har na buɗe ido.

Mai ɗakina ce a tsakar gida take kankare ƙanzon tukunyar tuwon jiya. Gari ya waye. Na zauna a bakin gado na daɗe ban ɗauki agogona ba.

Barira ba ta san ko ɗaya bisa uku ya fi ɗaya bisa biyu ba. Abin da ta koya a wurina ranar Talata shi ne, in Malam ya gaji sai a ce masa an gane.