Kular da Take Dawowa a Wanke

Shekara goma sha shida ina zaune da Baban yara, ko kofin shayinsa bai taɓa ɗaurayewa ba. Inda ya sha nan yake barinsa, sai dai in bi sahunsa ina kwasa. Saboda haka ranar da kular abincinsa ta dawo daga wurin aiki a wanke tas, har da gindinta, ya kamata in tsaya in yi tunani. Ban tsaya ba. Murna na yi, har da ɗan juyi a kicin kamar wata yarinya.

Bari in koma baya kaɗan. Baban yara ma'aikacin sito ne a wani kamfanin rarraba kaya. Shi ke tsayawa ana loda motoci daga bakwai na safe zuwa bakwai na yamma, direbobi na masa ihu ta nan, manaja na kiransa ta can. Ni kuma ina ɗinki a masana'antar da ke yin kayan makaranta, layi na huɗu, keke na tara, ba ni da aiki sai ɗinka aljihun wando tun safe har yamma. 'Ya'yanmu biyu: babbar da muke kira Yaya, tana sakandare, sai ƙanenta Auta. Gidanmu wurin kwana ne kawai. Abincinmu kuwa duk abin da ya fi sauri, burodi ne, taliyar nan ce mai dahuwa cikin minti uku, ko soyayyar kaza a leda in ya shigo da ita, a kora da lemon kwalba.

Wata safiya ya sunkuya zai ɗaura takalmi, jiri ya ɗebe shi, ya kife a kan kujera. Ya ce ba komai, gajiya ce. Na ja shi asibiti yana ƙunƙuni. Likitar, wata 'yar siririya mai gilashi, ta auna shi har sau uku kamar ba ta yarda da na'urarta ba, sannan ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce jininsa ya hau inda ba a wasa, kuma magani kaɗai ba zai riƙe shi ba. A rage gishiri, a bar soye-soye da lemon kwalba, a ci ganye, a riƙa tattaki. In ba haka ba wata rana zai faɗi, kuma ba lallai ya tashi yadda ya faɗi ba.

A hanya shi dariya ma yake yi, wai likitocin yanzu in ba su tsorata mutum ba ba sa jin daɗin ranarsu. Ni ban yi dariya ba. Irin wannan faɗuwar mahaifina ya yi, ya yi shekara huɗu a kwance muna juya shi, ina da shekara goma sha uku a lokacin. Na san warin ɗakin, na san nauyin mutumin da ba ya iya ɗaga kansa. Na rantse a raina ba zan sake ganin wannan ba.

Tun a ranar na juya gidan. Na rubuta abincin mako a takarda na manna jikin firji. Ran Lahadi, ranar hutuna ɗaya tak, ina tsaye ina yanka kabeji da karas, ina dafa wake, ina gyara kifi ina jerawa a robobi. Man girki sai da cokali. Gishiri na ɗauke shi daga kan tebur na ɓoye a bayan tukwane. Ƙarfe huɗu na asuba nake tashi in dafa, in cika wa Baban yara jar kularsa mai hawa uku, wadda marfinta ya tsage na ɗaure da shuɗin ƙyalle daga wurin aikinmu.

Ba wanda ya gode mini. Auta ya ce gidan ya koma warin asibiti. Yaya ta tambaye ni a tsanake wane laifi suka yi. Ubansu kuwa ya raɗa mini suna Likita, in na shigo ɗaki sai ya ce wa yara su gyara zama ga Likita nan ta zo zagaye. Tattakin da muka sa na yammacin Lahadi, zagayen filin ƙwallo sau biyu, mako uku ya yi ya mutu. Yau ruwan sama, gobe an kira shi aiki, jibi ni kaina ƙafata ba ta ɗaukata.

Makonnin farko kular tana dawowa da rabi, wani lokaci ko taɓa ganyen bai yi ba. Kullum sai mun yi faɗa. Wata ranar da na buɗe na ga kifin yana nan yadda na sa shi, na dire kular a gabansa, hawaye suka zo mini ba shiri.

Na ce, "Baban yara, in mutuwa kake so ka faɗa mini, in daina tashi ƙarfe huɗu."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce in yi haƙuri, ba zan sake ganin ragowa ba. Washegari kula ta dawo ba komai a ciki, a wanke tas, kuma tun daga ranar haka take dawowa.

Wai ni nan na ci nasara. Na cika wa kowa kunne a wurin aiki, musamman matar keke na goma, wadda muke kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa. Har darasi nake ba ta, in ce mata namiji sai an tsaya masa, ga nawa nan ya saba har kula yake wankewa. Rediyo ta dubi abin da ke hannuna ta ce to ita Likita wa ke duba ta? Burodi ne da lemon kwalba, ina ci a tsaye a gefen keke. In na cika tasa na zuba na yara ba abin da ke raguwa, ba kuma lokacin dafa wani. Na ce mata ni ai jinina lafiya lau.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne awo. Duk ƙarshen wata muna komawa asibiti, kuma duk wata jinin yana nan inda yake, wani lokaci ma ya ɗan ƙara. Likita ta tambaye shi ko yana kiyaye abin da aka ce. Kafin ya buɗe baki na karɓe, da zafina, na lissafa mata duk abin da nake dafawa, na ce da hannuna nake cika kula, da idona nake ganinta ba komai. Shi yana zaune yana kallon takalminsa. Ta ƙara masa magani muka fito.

Sai na ɗora wa kaina laifi. Na ce ƙila gishirin ne har yanzu ya yi yawa, na cire shi gaba ɗaya. Na cire dunƙulen ɗanɗano. Na koma tashi uku da rabi don in jiƙa wannan in tace wancan. Kuma ni ɗin nan, maɗinkiya, da hannuna na buɗe masa ƙugun wando biyu saboda sun matse shi. Ina zaune ina warware ɗinki ina cewa a raina ƙila kumburin magani ne. Kullum da yamma tambayata ɗaya ce, ka cinye? Ya ce na cinye. Ko sau ɗaya ban taɓa tambayarsa ko ya yi daɗi ba.

Wata bakwai muka yi a haka. Ran wata Laraba, wajen ƙarfe biyu, shugabar layinmu ta taɓa kafaɗata ta ce in zo ana nemana a waya. Tun kafin in kai kunne na sani. Ya faɗi tsakanin motoci biyu da takardar lodi a hannu.

Na same shi a asibiti, a gado na ƙarshe kusa da taga. Bakinsa ya karkace, hannun hagu yana kwance a gefensa kamar ba nasa ba. Ido kawai yake bina da shi. Likita ta ce ɓarin jiki ne ya shanye, rai dai an samu, sauran sai abin da hali ya yi. Na tsaya a baranda ina ta lissafin inda na yi kuskure. Na yi duk abin da aka ce, har na wuce, to me ya rage?

Rana ta uku, lokacin ziyara, wani tsoho dogo ya yi sallama, sanye da kakin masu gadi. A hannunsa ga jar kula da shuɗin ƙyallenta. Ya ce shi ne mai gadin ƙofar kamfani, ya zo duba jiki, ya kuma kawo kular da aka bari ran Laraba. Na karɓa na buɗe, don hannu ya saba. A wanke take tas. Na ba shi kujera, ya gaida marar lafiya, ya yi masa addu'a mai tsawo, sannan ya juyo gare ni yana murza hularsa.

Ya ce, "'Yata, na daɗe ina so in gan ki in yi godiya. Wata bakwai kina ciyar da ni, ko sanina ba ki yi ba. Allah Ya saka miki."

Na ce, "Baba, ban gane ba."

Ya yi mini bayani da zuciya ɗaya, bawan Allah. Wai Baban yara ne ya ce masa ni ce na ji labarin matarsa ta rasu, ba mai dafa masa, shi ne nake zuba masa nasa kullum. Shi kuma in ya ci sai ya wanke a famfon bakin ƙofa, don bai dace a mayar wa mai alheri kwano da datti ba. Da farko, in ji shi, ya ji abincin salam, amma baki ya saba. Har ya ɗaga ƙafar wandonsa ya nuna mini idon sawunsa. Ya ce da a kumbure yake, takalmi ba ya shiga, yanzu ga shi ya saɓe, har a asibitinsu an tambaye shi me yake ci.

Na ji muryata tana tambayarsa, shi kuma mai kular a ina yake cin nasa?

Nan tsohon ya gane. Ya dubi gado, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce akwai wata rumfa a tsallaken titi, ana soya kaza da dankali. Rabin awa ake ba su hutu. A nan yake zama kan benci da direbobi, da lemonsa mai sanyi a hannu, kuma daga bakin ƙofa ana jiyo dariyarsa.

Wannan ta ƙarshen ita ta fi yi mini ciwo. Na manta rabon da in ji dariyar mutumin nan a gida. Na juya na dube shi. Idonsa a rufe yake, amma ba barci yake ba, hawaye na bin gefen fuskarsa yana shiga kunne. Na so in kama shi in jijjiga, in tambaye shi asuba nawa na tashi, in ce masa maƙaryaci. Babu wurin da zan kama. Tsohon ya tashi yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin, na raka shi bakin ƙofa na ce ba komai, ya ci halalinsa.

Yau watanmu biyar da dawowa gida. An kawo gadonsa falo saboda ya fi kusa da banɗaki. Na koma aikin rabin yini, Yaya ce ke zama da shi in ta dawo makaranta, ita ke taya ni juya shi. Shekararta goma sha huɗu. Ɗakin ya fara warin da na sani. Takardar abincin mako tana nan jikin firji, ta yi rawaya, ba mai karanta ta. Yara sun koma taliyarsu ta minti uku, ni na koma burodina, don tukunya ɗaya kawai nake iya dafawa yanzu, tasa ce.

Jiya da rana na tayar da shi na jingina da filo, na ɗaura masa tawul a wuya. Wake ne da kabeji da ɗan kifi, na dama su da laushi. Ina ba shi cokali-cokali, ina goge abin da ya zubo ta gefen bakin. Ba kula, ba mai gadi, ba rumfa. Abin da na shekara ina roƙo ga shi na samu, yana cinye komai, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba.

A cokali na biyar ya kawar da kai. Ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta tashi, har kalmar ta fito.

Ya ce, "Gishiri."

Na dubi kwanon, na dube shi. Na ce, "Na sa, Baban yara. Yau na sa maka."

Ya kalle ni irin kallon da ya yi mini ranar da na dire masa kula. Ya san ban sa ba, na san ya sani. Ya buɗe baki na ba shi.