Gambun Fijon Maitama

"Ɗaga mana, Tambari! Ɗaga! Kai allura kaɗai ka iya ɗauka?"

Na ɗaga. Gambun motar yana kan gwiwata yana cin cinyata, Maitama yana durƙushe yana laluben ramin noti da yatsa. Hinjin sama ya hau daidai. Na ƙasa ya kauce da faɗin ɗan yatsa, kuma duk yadda muka juya shi ya ƙi.

"Sauke," ya ce. Ya zauna a ƙasa daɓas yana haki, ya miƙe kumburarrun ƙafafunsa.

Ni tela ne. Shagona yana jikin rumfar Maitama da ke ƙofar gidansa, a bayan tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda. Shekara talatin da ɗaya ina ɗinki shi yana bugun jikin mota da guduma a kunnena. Na rantse zan tashi ya fi sau goma. Ban tashi ba, ga ni har na zama ɗan riƙon ƙofa da furfurata.

Motar Fijo ce 504, fara, wadda ya saya tun muna samari. Babu inda hannunsa bai taɓa ba a jikinta. Da ƙarfinsa ya ragu ya ba ɗansa Shamsu yana jigilar 'yan kasuwar Shinkafi da ita. Bara, ranar wata Alhamis, 'yan bindiga suka tare hanya kusa da Badarawa. Shamsu bai tsaya ba. Fasinjojinsa shida sun tsira, shi kuwa a kujerarsa aka sami gawarsa bayan motar ta gangara gona. Da aka jawo ta gida, Maitama ya kwance gambun direba da hannunsa, ya naɗe shi da buhu ya turo mini shago. Ya ce in ɓoye, kada ya sake ganinsa, kada Rekiya matarsa ta gani. Na cusa shi bayan kabad ɗin yadi.

Shekara guda motar tana zaune ba ƙofa, kaji suna ƙwai a ƙarƙashin sitiyari. Sai da asibitin Gusau suka sallamo Maitama, suka ce hanta ce, ya koma gida ya huta, sannan ya tashi haiƙan. Ya gyara mudugadi, ya miƙe bonet, ya wanke inji. Dalilinsa bai ɓoye mini ba. 'Yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa sun fara zagaye rumfar suna ƙwanƙwasa motar da ƙafa. Ya san ranar da ya rufe ido, in dai ba ƙofa gare ta, 'yan'uwansa za su ce gawa ce, a yanka ta a ɗora a sikeli. Ya ce ba zai mutu ya bar ta haka ba. Kuma wancan gambun da ke shagona ba zai taɓa shi ba ko za a yanka shi.

Shi ya sa aka nemo sabo. Matthias mai kayan mota na bakin tasha ne ya yi wahalar. Ya buga waya Kano, ya buga Kaduna, har Maraɗi ya aika. Na asali ya ƙare a duniya, sai irin wanda ake bugowa yanzu. Ya zo a kwali, baƙi sumul, sai ƙyalli. Ni da ban san komai ba har barka na yi musu.

Maitama ya matso kusa. Ya ɗauke shi da hannu ɗaya, shi da ko buta sai ya huta yake ɗagawa. Ya danna babban yatsa a tsakiya, ƙarfen ya lotsa, ya saki ya dawo da ƙara kamar murfin langa.

"Matthias, wanga gambu ne ko faranti?"

"Baba, wallahi shi ne mai kyau a cikinsu. Sauran ko kallo ba za ka yi ba."

Kwana uku muna fama. Ya faɗaɗa ramin hinji da zarto, ya cusa zoben ƙarfe biyu a baya, gambun ya rataya. Sai dai a sama ya bar tazara da za ka zura babban yatsa, a ƙasa kuma yana gugar dokin ƙofa. Layin nan da ke tahowa daga mudugadi ya bi jikin mota har but, da ya iso sabon gambun sai ya faɗi ƙasa, ya sake hawa a na baya. Ni kaina da na ja baya na duba na ga abin. In ka yanka hannun riga a karkace, ko da zaren zinariya ka ɗinka shi ba zai zauna ba. In za a rufe kuwa sai an ɗaga an buga da kafaɗa, ya yi wani kwaram mai ban haushi.

Ranar ta ukun Matthias ya zo da la'asar ya tsuguna kusa da shi.

"Baba, ka sa fila ka cike layin, ka hura fenti. Wa zai gane? Jikinka ba na wannan wahalar ba ne."

"Ni ina ganewa."

"To ai kai kaɗai ne."

"Ni kaɗai na isa. Shekara arba'in ban rufe ƙarya da fila ba, sai yanzu da ni ka shirin tahiya?"

Haushi ya kama ni, don na ga yadda idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Na ce, "Kai dai taurin kai za ya kashe ka kahin ciwo. Mi ar ruwan 'yan gwangwan da layi? Gambu dai anka ce, ga gambu!"

Ya dube ni. "Kai da bakinka kake cewa zanen aro ba ya rufe katara."

"To sai mi? Ka yi tsirara?"

Ya daɗe yana kallon motar, har aka fara kiran magariba. Da zai shiga gida ya dafa bango ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Gobe ka hiddo min wancan."

Ban yi barcin kirki ba, gaskiya. Da safe na jawo shi daga bayan kabad, nauyinsa sai da ya sa bayana ya amsa. Na kwance buhun a bayan rumfa inda ba a hangowa daga zaure. Hudar harsashi huɗu ce a jikinsa. Uku a jere kusa da mariƙi, ɗaya can ƙasa. Ta waje ƙanana ne, kamar an soka da ƙusa. Ta ciki ƙarfen ya yage ya buɗe, kwalin da ke rufe da shi ya yi baƙi ya ƙandare.

Maitama ya zauna kan benci, na ɗora masa a cinya. Ya sa yatsa a hudar ƙasan ya bar shi a wurin. Na juya baya na yi kamar ina neman wani abu. Na ji yana cewa, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, sau uku. Daga nan ya ce in miƙo masa filaya. Ya ɓamɓare kwalin ya ba ni, ya ce in kai bayan gari in binne, kada in jefa a bola. Na kai.

Kwana shida ya yi a kan huda huɗu, aikin da a da kafin azahar ya gama. Ya yanko ƙananan faci daga wani tsohon bonet mai kauri irin na da. Ya kunna wutar walda, ya liƙa ɗaya, ya kashe, ya kwanta a tabarma. In ya farfaɗo ya ɗauki ƙaramar guduma yana bi a hankali, yana shafawa da tafin hannu ido a rufe. Ni da na shekara talatin ina tsine wa gudumar nan, sai ga ni ina tsayar da keke in na ji ta yi shiru, ina leƙowa in ga ko lafiya.

Rekiya takan aiko da kunu, ya kurɓa sau biyu ya ture. Ta aiko a tambaye ni me yake yi a bayan rumfa da ba ya son a gani. Na ce sabon gambu yake gyara. Allah ya yafe mini.

A rana ta biyar ya yi aman jini a gefen tabarma. Na ce sai asibiti. Ya ce, "Saura guda." Na zage shi, zagi na gaske, irin wanda ban yi masa ba tun muna yara. Ya bari na gama, ya ce, "Ka gama? To riƙe min nan." Na riƙe, ina kuka ina riƙe, wutar tana dukan fuskata.

Ranar Juma'a da hantsi ya shafa wa gambun fenti toka-toka, shafin farko. Ko ka kawo ido kusa ba za ka ce ga inda aka huda ba. Amma tashi ya gagare shi. Muka ɗauko shi da Matthias muka zaunar a kujera a bakin zaure, muka jingina shi da filo. Muka kwance sabon gambun, muka kawo tsohon. Ban ko gama ɗagawa ba notin ya shige. Na ƙasa ma haka. Layin ya taho daga mudugadi ya wuce abinsa har but.

"Kada ka buga," in ji Maitama. Muryar da ƙyar take fita. "Tura shi da yatsa biyu."

Na tura da yatsa biyu. Ya tafi da nauyinsa ya rufe, ɗuf, ƙara guda mai kauri.

Sai muka ji faɗuwar kwano a cikin gida, da gudu. Rekiya ta fito zaure ba takalmi, ba mayafi, hannunta duk gari.

"Shamsu?"

Shamsu ɗan fari ne. Tunda aka haife shi ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce yaron nan, ko mai mota. Ashe duk yamma da wannan ƙarar take sanin ya dawo, ta sauke masa tuwo. Mu ba mu sani ba. Ta tsaya tana duban motar, ta dubi kujerar direba ta gilashi, ta dubi mijinta. Matthias ya cire hularsa ya sunkuyar da kai. Ni na rasa inda zan sa idona.

"Nashi ne?" ta ce.

"Nashi na," in ji Maitama. "Ki gahwarta min."

Ta zo ta ɗora hannu a kan gambun, garin ya bar shatin yatsunta a jikin fentin. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta juya ta shige.

Maitama bai sake fitowa rumfa ba. Ranar Lahadi bayan azahar ya cika, kansa a cinyar ƙanensa, ni ina riƙe da ƙafarsa. Bai yi wata doguwar magana ba. Kalmar shahada ya yi, sai kuma ya tambaya ko an rufe motar da tampol, don hadari ya haɗo. Muka binne shi kafin la'asar, ruwan ya sauko muna hanyar dawowa.

Bayan addu'ar bakwai 'yan'uwansa suka zagaya motar, suka buɗe nan suka leƙa can. Ƙanen ya ce wannan ai mota ce lafiyayya, ba ta sikeli ba, a bar wa Rekiya da 'ya'yan Shamsu har a samu direban kirki. Har yau ba a samu wanda zai bi hanyar Shinkafi da ita ba. Tana nan.

Rekiya tana takaba, ba ta fita. Wata rana ta aiko matata da saƙo, matar tawa tana faɗa tana kauda kai. Wai in ba zai dame ni ba, in na tashi daga shago da yamma, in buɗe gambun in rufe. Sau ɗaya kawai.

Na ce wannan wace irin magana ce, mutum ya riƙa tono wa kansa ciwo? Na ce ba zan yi ba. Da yamma ta yi na kulle shago, na tsaya, na ɗage tampol ɗin.

Yau wata uku ke nan. Lokacin takan kasance tana daka a tsakar gida, ana jiyowa ta katanga. Nakan buɗe, in tura da yatsa biyu. Taɓaryar takan tsaya. In ƙirga kamar numfashi uku, sannan ta ci gaba da dakanta, ni kuma in sauke tampol in wuce masallaci.