Saniyar da Ba Ta da Cinya

"Malam, bana yaushe za mu je wurin Baba Mahauci?"

Allin da ke hannun malamin noma ya karye biyu. Awa guda ya yi yana zana musu hanyar nama a allo: kiwo a gona, likitan dabbobi ya duba, mota ta kai mayanka, a feɗe, a sa a ɗakin sanyi, sai teburin mahauci, sai tukunya. Amma ji abin da ya dami ja'iran nan!

"Bana babu zuwa," ya ce. "Jarrabawa ta matso."

Ƙarya yake, kishi ne tsagwaronsa. Shekara tara yana kai ɗalibai gidan tsohon nan, maƙwabcinsa da katanga ɗaya ta raba su. Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba, sai ya ɗauki guntun alli ya zana saniya a jikin katangar, ya ce, "Nan wuya, shi ke dakon kai yini guda, shi ya sa ya yi tauri, ku ba shi wuta. Nan gadon baya, ɗan gata, bai taɓa aikin komai ba." Yara su yi ta ƙyaƙyata dariya. Ranar jarrabawa kuwa maganar tsohon suke juyewa a takarda, har da "ɗan gata". Shi da ya ci shekara huɗu a jami'a, ko a hanya tsofaffin ɗalibansa suka gan shi, gaisuwar ita ce, "Malam, ina Baba?"

Da yamma ya tarar da tsohon a ƙofar gida kan kujerar roba, ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa. Wata uku ke nan rabonsa da kasuwa.

"Malam, 'ya'yan nawa fa? Na ga lokaci ya yi."

"Shugaban makaranta ne bai sa hannu ba, Baba."

"To, Allah ya sa ya tuna da mu. Har alli sabo na sa aka sayo mini."

Malam ya shige gida. Matarsa da ta ji komai daga tsakar gida ta ajiye bokitin wanki.

"Haba Malam, da mara lafiya kake kishi? Wallahi ka ji kunya."

"Wa ya ce kishi nake?"

"Fuskarka ce ta faɗa."

Duk makon nan, kullum da safe in zai fita, sai ya leƙa ta saman katanga. Ga tsohon, 'yarsa ta riƙe masa kafaɗa, yana zana kaɗan-kaɗan: yau kai, gobe wuya, jibi haƙarƙari. Ko tsayuwa ba ya iyawa, amma layinsa ya fi na Malam kyau. Wannan ma ya ƙona masa rai. Ya ce a ransa, to, mako mai zuwa.

Ranar Alhamis ya dawo daga makaranta ya ga takalman masu ta'aziyya jibge a ƙofar maƙwabcin.

Bayan kwana biyu, da mutane suka ragu, 'yar ta kai shi bakin katangar. Ga saniyar nan, komai ya fito, amma daga ƙugu sai fari fat.

"Ƙarfinsa ne ya ƙare?"

"A'a. Cewa ya yi cinya sai yara sun zo, a gabansu zai zana, don a nan suka fi yin dariya." Ta miƙo masa kwalin allin. "Malam, me yake ce musu a wurin? Kai ka sha ji."

Ya karɓi kwalin. Shekara tara yana tsaye can baya, hannu a aljihu, yana cika yana batsewa. Bai taɓa saurara har ƙarshe ba.

Ya zaro alli ɗaya ya ɗora a inda layin tsohon ya tsaya. Hannun ya ƙi motsi. Garin alli na nan fari a gindin katangar, kaza tana tona a ciki.